Buhu Uku a Hanyar Wagini

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba na 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Jafaru Karare a wani asibiti a Katsina, bayan jinyar kwana biyar. Hawan jini ne ya kayar da shi a tsakar gidansa na Batsari, ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya ƙi tashi. Shekarunsa sittin da bakwai. An kawo shi gida, an yi masa salla bayan La'asar, muka raka shi makwancinsa. Wanda ya ba mu aronsa ya karɓi kayansa, mu ma muna nan tafe. A kan wannan ba ni da ƙorafi, ba ni ma da ikon yi.

Ƙorafina a kan abin da aka yi ran sadakar uku ne.

Likita, haka muke kiran ka, ko da yake kullum kana gyara mana cewa kai malamin dabbobi ne, likitoci suna Katsina. Na so in rubuta maka ta'aziyya mai sanyi, irin wadda ake karantawa a girgiza kai a ce Allah sarki. Sau uku ina farawa ina yagewa. Domin kwana biyu da rufe ka, ba a ko naɗe tabarmin makoki ba, aka tattara kyanwoyinka tara, aka ɗura su a buhunan taki guda uku, aka ɗora bayan babur, aka kai su daji kan hanyar Wagini aka jefar. Matarka Hajiya Shafa'atu tana ɗaki tana takaba. Ta ji kukansu ta taga, ba ta da damar ƙetare ƙofar gida ta bi su. Shekara arba'in da ɗaya kuna tare, 'ya'ya duk sun yi gidajensu, kuma bayan kai waɗannan dabbobi su kaɗai ne abin da ke motsi a tsakar gidanta. Ko za a dawo mata da su, ko za a bar ta ta zauna da su, shi ne abin da ya hana ni sukuni tun daga ranar.

Amma bari in fara gaya wa wanda bai san ka ba ko kai wane ne, kafin fushi ya cinye mini takarda.

Shekara talatin da biyu ka yi kana aikin dabbobi. Babu rugar da tsohon babur ɗinka bai taka ba daga Karare har Babban Duhu. Kai ke yi wa shanu allurar rigakafi, kai ke zura hannu har kafaɗa ka juya maraƙin da ya zo a gicciye, kai ake tasowa daga kan abinci in akuya ta ci ɗanyen rogo ta kumbura. Ni na san ka ne lokacin da aka turo ni koyarwa Batsari, ina saurayi, na kama ɗaki jikin katangarka. Wata uku na yi ina cin tuwon gidanka kafin ka yarda in ma yi godiya. Da aka mayar da ni Safana, ba mu rabu ba. Duk ranar kasuwa ina zaurenka, kana shan shayi, ni ina yi maka surutun littattafan da na karanta, kana saurare da haƙurin mutumin da ya saba da kukan jaki.

A cikin aikinka akwai dandaƙa. Wannan kowa ya sani, kowa kuma ya amfana. Gab da damina manoma kan yi layi da bijimansu a ƙofar gidanka, domin sa in ba a dandaƙe shi ba, ba ya tsayawa a garma, sai faɗa da bin shanun mutane. Masu kiwon awaki sukan kawo bunsuru don ya yi ƙiba ya daina wari. Ban taɓa jin wani ya tsaya ya tambaye ka hukuncin abin ba. Su ke danne maka ƙafar dabbar, suna raha, su tafi suna sa maka albarka.

Ranar da ka yi wa muzuru irin wannan aiki, sai garin Batsari ya cika da masu tsoron Allah.

Mutumin da ya kawo maka sa biyu da safe, shi ne da yamma yake cewa Jafaru yana canza halittar Ubangiji. Da na tambayi ɗaya daga cikinsu bambancin, ya ce ai shi sa ana moriyarsa. Wato halittar da za ta ja garma ko ta shiga tukunya ana iya taɓa ta, wadda kuwa ba a ci, a bar ta ta yi ta haihuwa har ranar da za a sa 'ya'yanta a buhu. Na karanta littattafai da dama, ban taɓa cin karo da fiƙihu mai sauƙin kai irin wannan ba.

Ga yadda muke yi a ƙasar nan, kuma kada wani ya ce sharri na yi mana. Da kaka, in gero ya shiga rumbu, wake da gyaɗa sun cika ɗaki, kowa yana neman kyanwa. A je gidan maƙwabci a roƙo, a yi mata lale, a zuba mata madara a murfin kwano. Ta kori ɓeraye, hatsi ya tsira. Kafin bazara ta haifi biyar. Kafin wata kakar ta sake haifar biyar, na farkon ma sun fara nasu. Rumbu ya yi ƙasa, mai gida ya fara jin haushin kuka. Sai a samo buhu. A zuba su ciki don kada su ga hanya, a kai su kasuwa ko bakin daji, a ɗaure bakin buhun sako-sako yadda za su iya kwancewa bayan mutum ya yi nisa, a dawo gida a yi alwala. Wannan ɗaurin sako-sako shi ne iyakar tausayinmu, kuma da shi muke wanke kanmu.

Irin wannan buhu ka tsinta a tashar mota shekara goma sha uku da suka wuce. 'Ya'ya biyar ne a ciki, idonsu bai gama buɗewa ba. Huɗu sun riga sun sandare. Ta biyar ka sa ta a aljihun rigarka, Hajiya ta shayar da ita da sirinjin allura. Ka sa mata suna Tasha. Daga nan duk wadda ka tsinta sai ka kira ta da sunan inda ka same ta: Kwata, Bayan Masallaci, Gidan Mai, Makera. In kana kiran su cin abinci, baƙo sai ya zaci kwandasta ne yake neman fasinja.

Masu cewa tara kyanwoyi kawai kake yi ba su taɓa zama sun ga yadda kake yi ba. Ni na gani. In ka tsinci kyanwa, kwana uku kake yi kana cigiya, domin ka ce ba kowace mai yawo ce marar gida ba, kuma ɗaukar ta wani sata ce ko da da kyakkyawar niyya. In ba mai ita, sai ka rufe ta ita kaɗai a tsohon ɗakin kaji sati biyu, kana duba idonta da hancinta da kashinta, ka ba ta maganin tsutsa, ka kashe mata ƙuma, ka yi mata allurar ciwon haukar kare. Sannan aiki. In muzuru ne kai kake yi da kanka, ba da ƙarfen bijimai ba, da allurar barci da 'yar aska, minti goma an gama. In mace ce sai ka sa ta a kwali mai huji, ka ɗaure a babur, ka kai ta Katsina wajen likita ya cire mahaifar. Tana cikin barcin allura ake yanke ɗan bakin kunnen hagu, kamar yadda makiyayi ke yi wa shanunsa shaida, don duk wanda ya gan ta ya san an gama da ita. Bayan ta warke, ka nema mata gida. Kuma ba ka ba kowa. Sai ka je ka ga inda za ta sha ruwa. Sai mutum ya yi maka alkawari cewa in ya gaji zai dawo maka da ita, ba zai nemi buhu ba. Fiye da ɗari suka bi ta hannunka. Taran da suka rage a gida yawancinsu waɗanda ba wanda ya so ne: tsofaffi, mai ido ɗaya, mai ɗingishi.

Da ƙauyuka suka fara tashi saboda 'yan bindiga, mutane suka kwararo Batsari da tabarmi da tukwane, kyanwoyin garin suka ninka. Wasu an taho da su an kasa ciyarwa, wasu sun biyo sawu da kansu. Na ce maka, Likita, mutane ba su da wurin kwana, kai kana ta kyanwa. Sai daga baya na gane iyali biyu daga wajen Wagini suna zaune a ɗakunan bayan gidanka tun wata huɗu, suna ci daga rumbunka. Ni mai wa'azin ban saukar da ko mutum ɗaya ba.

Yanzu sai in zo kan nawa laifin, don kada a ce na zauna kan kujerar alƙali.

Ni ne na laƙaba maka Wanzamin Muzurai. A zaurenka na faɗa, a gaban mutane, aka yi dariya, na ji daɗin kaina kamar na ci gasar waƙa. Kai ma ka yi dariya, ka nuna mini bayan hannunka duk tabo.

"Malam Jamilu," ka ce, "wanzami ko ba komai ana kai mashi ƙafar rago ran suna. Ni sai yaƙushi."

Sunan ya bi gari. Yara suka riƙa rera shi in ka wuce. Ya kai Safana kafin ni in koma. Ban taɓa tunanin wa yake ji wa ciwo ba, tunda kai ba ka nuna ya dame ka.

Kuma ina da kyanwa a gidana. Shekara shida kana cewa in kawo ta ka kai ta Katsina, ina cewa sai an yi hutu. Malamin makaranta yana samun hutu sau uku a shekara, ka lissafa. Sau biyu na kawo maka 'ya'yanta, ina wasa ina cewa ga sababbin ɗalibai. A me na kawo su? A buhu. Na dai fi sauran wayo ne, na san ƙofar da zan ajiye nawa. Ka karɓa, ka dube ni ta saman tabarau, ka ce, "Ka gaida uwarsu. Ka ce mata ba ita ce ba ta da hankali ba." Ran Laraba da ta wuce na kai ta Katsina aka yi mata aikin. Rabin yini ya ci mini. Rabin yini, bayan shekara shida.

Mutum ɗaya ne a garin nan ya yi jayayya da kai da ilimi, shi ne Malam Yazid, limamin unguwarku, wanda kakanninsa suka karantar da kakannin kowa. Shi bai taɓa yi maka dariya ba. Yana ganin taɓa jikin dabba ba tare da larura ba akwai magana a kai. Kai kuma kana cewa larurar tana nan a tasha cikin buhu, ya zo ya gani. Shi ya kawo abin da malamai suka ce, kai ka kawo muzurun da aka farke wa ido a faɗan neman mace. Shekara goma kuna wannan ƙarƙashin dalbejiyar masallaci tsakanin La'asar da Magariba. Ba wanda ya kayar da wani, ba kuma ranar da kuka tashi ba ku yi musafaha ba.

To, ran Alhamis, ranar sadakar uku.

Ƙanenka Alhaji Armaya'u shi ne babba a gidan yanzu. Zan faɗi alherinsa kafin in faɗi sauran: kwana biyar ɗin nan na asibiti a kan benci ya yi su, shi ya yi maka wanka, kuma na ga hawayensa a bakin kabari. Ran uku gida ya cika, surukai sun zo daga nesa, manyan mutane sun jeru a kan darduma. Kyanwoyin kuwa, da ba wanda ya gaya musu an yi rasuwa, suka fito neman ka. Makera ya ratsa tsakiyar masu addu'a. Tasha, wadda tsufa ya sa ba ta gani sosai, ta hau buzun da kake zama ta kwanta. Wani baƙo ya lura duk kunnuwansu na hagu a yanke suke, ya raɗa wa na kusa da shi cewa wannan ba banza ba, akwai abin da mamacin yake yi da su. Maganar ta zaga. Wani kuma daga baya, a cikin dariya ƙasa-ƙasa, ya ce magadan Wanzamin Muzurai ne suka zo karɓar gaisuwa.

Ina wurin. Na ga fuskar Alhaji Armaya'u lokacin da sunan nan ya faɗo a kunnensa. Shekara goma ana kiran sa ƙanen Wanzamin Muzurai a kasuwar hatsi, ni ban sani ba sai ranar. Na tashi na tafi Safana bayan Azahar, ina ganin abin ya wuce.

Bayan La'asar wayata ta yi ƙara. Hajiya ce. Ban taɓa jin muryarta ta waya ba sai ranar.

"Malam Jamilu, sun kwashe su."

Na ce su wa, Hajiya?

"Ɗiyan Malam. Duka tara. Har da Kwalbati, ɗinkin cikinta ko cirewa ba a yi ba. Na yi magana ta bayan labule, Alhaji ya ce mai takaba ba ta da baki a sha'anin waje."

Kwalbati ita ce ta ƙarshe da ka tsinta, ƙarƙashin kwalbatin hanyar kasuwa. Ran Laraba ka kai ta Katsina aka yi mata aiki, ran Alhamis ka faɗi. Ita ce tafiyarka ta ƙarshe da ƙafarka.

Likita, ban tafi a ranar ba. Ka san hanyar nan, ka san ba a bin ta in rana ta karkata. Na tsaya a ƙofar gidana da makullin babur a hannu, na dubi rana, na koma ciki. Ina da mata da 'ya'ya, kowa zai ce na yi daidai, na kuma san kai da ka tafi.

Da safe ran Juma'a na nemo ɗan acaɓan da aka ba aikin. Magidanci ne mai furfura a gemu, ba mugu ba ne, har cewa ya yi kai ka taɓa ceto masa tunkiya. Ya kai ni wurin, inda gonaki suka ƙare, gefen wani kwazazzabo. Tun daga nesa yake ce mini in kwantar da hankalina, ai sun daɗe da kwancewa, shi sako-sako ya ɗaure kamar yadda ake yi.

Da muka isa sai ya tsaya yana kallon bakin buhunan.

Sati uku ya yi yana jigilar buhunan gero da wake daga gona. Ga tsoron hanya, ga sauri. Hannunsa ya yi abin da ya saba: ya yi musu ɗaurin hatsi, irin wanda ake naɗe igiya sau uku a ja da haƙori don kada ƙwaya ɗaya ta zube. Buhu biyu suna nan yadda ya jefar da su. Na ukun an yage shi ta gefe, babu komai a ciki.

Da wuƙarsa muka yanke igiyar. Shida ne a ciki. Huɗu suna numfashi, sun jiƙe da fitsari, ba su ko iya gudu ba. Gidan Mai ya mutu. Tasha ta mutu, tana can ƙasa, sauran sun danne ta. A buhu ka same ta, ka ba ta shekara goma sha uku na inuwa da ruwan sanyi, muka jira ka rufe ido da kwana biyu muka mayar da ita inda ka ɗauko ta. Mutumin ya tsuguna ya riƙe kai yana ta istigfari. Da wane baki zan zarge shi?

Mun yi kira har rana ta take. Ukun da suka fita ba su amsa ba. Kwalbati tana cikinsu.

Ina so mutanen da suka yi dariya ran nan su karanta wannan da kyau. Dabbar da aka haifa a daji ta san daji. Waɗannan kuwa an raine su a gida, sun saba a kira su da suna su zo. Ba ku sake su ba, kashe su kuka yi, kuka dai bar wa rana da ƙishirwa aikin don kada jini ya taɓa muku riga. Dukanmu tun muna allo aka gaya mana abin da ya sami matar da ta tsare kyanwa ta hana ta ci. Muna ba da labarin a wa'azi, mata suna share hawaye. Ashe muna ganin laifinta ɗaya ne, da ta yi a ɗaki ba ta nemi buhun taki ba. Kuma mutumin da ya zo da hanyar da za ta sa a daina buhun gaba ɗaya, a yi wa uwa aiki sau ɗaya a huta, shi muka mayar abin dariya, muka kuma tsaya a kan gawarsa muna neman asiri a kunnen kyanwa.

Na kai huɗun gida. Na miƙa su ta zaure, wata maƙwabciya ta shigar wa Hajiya. Alhaji Armaya'u ya tare ni a ƙofa.

"Malam Jamilu, gidan ɗan'uwanka ne ko na ɗan'uwana?"

Na ce na ɗan'uwanka ne, Alhaji.

"To ka ji. Ina ganin girmanka. Daga nan zuwa bakwai ka san inda za ka kai su. In ba haka ba, wanga karon ni zan kai su da kaina, kuma ba Wagini ba."

Ran Litinin aka yi addu'ar bakwai. Na zo da jawabi a aljihu, shafi biyu, har da misalai daga tarihi. Allah ya taimaki jama'a ban samu karanta shi ba. Ana shafa fatiha, Malam Yazid ya ɗaga hannu ya ce kowa ya zauna. Bai ɗaga murya ba.

"Alhaji, shekara goma ina gaya wa Jafaru dandaƙar muzuru akwai saɓani a kanta. Har gobe ban janye ba. Da yana nan da mun ci gaba yau bayan La'asar. Amma buhu, Alhaji, ban san malami biyu da suka saɓa a kansa ba."

Alhaji Armaya'u ya sunkuyar da kai, sannan ya ɗago.

"Allah gafarta Malam, in suna da daraja haka, a kai su gidanka mana."

"Da ba su da gida da na ɗauka. Suna da shi. Baiwar Allah nan wata huɗu da kwana goma za ta yi ba ta fita. Kai za ka zo ka zauna da ita?"

"Malam, mutane na magana."

"Su wa? Ga su nan zaune. Wanda ke da magana a kan kunnen kyanwa ya faɗe ta yanzu ina ji."

Ba wanda ya motsa. Mai maganar magada yana nan a sahu na biyu, ya dage yana nazarin tasbaharsa kamar ranar ya fara ganin ta.

Alhaji Armaya'u bai ba da haƙuri ba, ba kuma zan ƙaga masa ba. Abin da ya ce shi ne, "Shi ke nan. Har ta gama takaba. Daga nan za a raba gida, kowa ya san inda ya nufa." Ya tashi ya shige.

Wata huɗu ke nan aka samo musu, Likita. Iyakar abin da liman da malamin makaranta suka iya ke nan. Na shiga soro na biyu don in gaya wa Hajiya, ina neman kalmomin da zan sassauta abin. Tana bayan labule, ta riga ta ji komai.

"Ba komai, Malam Jamilu," ta ce. "In na fita takaba ba mai fitar da su, ni zan fita da su da ƙafata. Ɗana Yasir ya ce in koma wajensa Kaduna, ɗiyata Fauziyya ta ce in zo Safana. Ban ba kowa amsa ba. Wanda ya karɓe ni da su, can zan zauna. In ba wanda ya karɓa, ina da ɗakin uwata a Karare, rufin kawai zan gyara."

Sannan ta ce in an ga Kwalbati a gaya wa wanda ya gan ta kada ya ja zaren, a jiƙa shi da ruwan gishiri tukuna.

Saboda haka ina roƙon mutanen Wagini da ƙauyukan da ke kan hanyar, da masu babura da masu jakuna da ke bin ta: kyanwoyi uku ne, duk bakin kunnensu na hagu a yanke. Biyu muzurai ne, ja da baƙi. Ta ukun fara ce mai tabon toka a goshi, cikinta a aske, da ɗinki. Ba na aljanu ba ne, ba na asiri ba ne, an yi musu allura, ba kuma za su haifa muku ko ɗa ɗaya ba. Wanda ya gani ya ba su ruwa, ya aika gidan Malam Yazid a Batsari.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Shafa'atu, Allah ya ba ta juriyar wannan zama, ya sa ta fita lafiya. Ina yi wa Alhaji Armaya'u ta'aziyya, da gaske nake, domin shi ma ɗan'uwa ya rasa, kuma ina neman gafararsa a kan sunan da na ƙaga ya yi shekara goma yana ɗauka a kasuwa. Wannan nawa ne. Buhun kuwa nasa ne, shi da Ubangijinsa. Ina yi wa Malam Yazid ta'aziyyar abokin gardama, da makiyayan da har yau suke zuwa ƙofar gidan da dabba a igiya su tarar ba kowa. Yasir da Fauziyya, Allah ya ba ku haƙurin rashin uba. Ku yi shawara tsakaninku tun yanzu, kuma duk wanda zai buɗe wa mahaifiyarku ƙofa ya sani su biyar ne za su shigo.

Ya Allah, bawanka Jafaru ya zo maka. Ka san abin da hannunsa ya yi wa bayinka masu magana da marasa magana. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka shayar da shi kamar yadda ya shayar, ka saukar da shi a gidan da ba a korar kowa. Mu kuma da muka yi dariya, in tamu ta zo, kada ka yi mana irin riƙon da muka yi wa abin da ya bari. Amin.

Jamilu Babban Duhu
Safana